Makirufon nesa da na'urar jin yaro: yadda za a ci moriyarsa

Iyaye, na'urar ji ba ta kama magana sosai idan tazara ta wuce mita 2, balle cikin hayaniya. Nan ne makirufon nesa, wato ƙaramin makirufo da mai magana ke sawa don ya aika muryarsa kai tsaye zuwa na'urar jin yaro, ke da amfani: a mota, a filin wasa, ko yaro na cikin kekensa ya ba ku baya.

Ku maƙala shi a ƙirjinku, santimita 15 zuwa 20 daga bakinku. Kada riga ta rufe shi ko sarƙa ta riƙa gogarsa, domin ƙarar gogayyar kai tsaye take faɗawa kunnen yaro, shi kuwa bai iya faɗa ba.

Kowace safiya ku gwada. Ku ja da baya mita 3, ku rufe bakinku daga ganinsa, ku furta "a, u, i, m, sh, s". In bai waiwaya ba, duba caji da haɗin na'urar karɓa, wato abin da ke karɓar sautin makirufon a ɓangaren yaro, tukuna.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mantawa da shi ba a kashe ba. Za ku yi magana da wani ko ku shiga banɗaki? Ku kashe. Kuma yana cin batirin na'urar ji da sauri, ku tanadi ƙari, nesa da hannun yaro saboda haɗiya.