Naman barewar Amurka: inda ake ɓata shi

Duk kaka sai wani ɗan uwa da ke zaune a Amurka ya kira ni, wai an ba shi naman barewar nan da suke kira pronghorn, ya dafa, gida ya ɗauki wari, maiɗakinsa ta rantse ba a ƙara shigo mata da shi. Nan take sai a ɗora wa dabbar laifi, a ce ai ciyawar da take ci ce, wadda 'yar uwar tazargade ce. Ni ban yarda ba.

Tun a daji ake ɓata naman. Farautarta a Wyoming galibi Satumba da Oktoba ce, rana da sauran zafinta. Shekarata ta farko a farautarta na harbi namiji da hantsi, na fitar da kayan ciki, na wurga shi bayan mota da fatarsa, muka tsaya hotuna da surutu har la'asar. Gashin dabbar nan kowane sili cikinsa rami ne, yana riƙe zafi kamar bargo. Kafin mu isa gida cinya ta fara tsami kusa da ƙashi. Rabin naman na zubar, har yau abin na ci mini rai. Yanzu ko awa ɗaya ba na bari: in feɗe, in raba huɗu, in jefa cikin kula kan ƙanƙara. Kuma don Allah ka daina taɓa kuncin namijin sannan ka taɓa nama, baƙin tabon da ke kuncin ne matattarar warin. Gashin da ya manne ka tsince shi ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu, mutanenmu suna yi masa dahuwar rago. Ba shi da kitse sosai, malam! Naman gadon baya ka bar shi kan garwashi kamar balangu, sai ka tauna takalmi. Ni man shanu nake sa wa kasko ya yi zafi sosai, minti 3 kowane gefe, in sauke tsakiyarsa da sauran ja. Wanda ba ya iya cin jan nama, ya ɗauki kafaɗa da wuya ya yi farfesu kan wuta kaɗan, ko dambu.

Farin tantanin da ɗan kitsen da ke jiki, yanke su ka yar. Jiƙa naman kwana a ruwan tsami kuwa ɓata lokaci ne, gishiri da yajin ƙuli sun ishe ni.