Idan Haƙorin Yaro Ya Fita Wajen Wasa

A ɗakin haƙori nake aiki, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a kawo mini haƙorin yaro a naɗe cikin takarda, ya bushe ƙayau. Kafin ya iso hannuna an riga an kashe shi.

Fara duba wane haƙori ne. In yaron bai yi famfara ba, kada a mayar, domin zai iya lahanta na dindindin da ke tsirowa a ƙasa. In kuwa sabon da ya fito ne, daga shekara 6 zuwa sama, to a yi hanzari.

Ɗauke shi ta wajen da ake tauna, kada ka taɓa saiwar. In ya kwashi ƙasa, ɗauraye shi kaɗan da madara ko ruwa mai tsabta, ba sabulu, ba gogewa, don jikin saiwar akwai ƙwayoyin rai da za su sake manne shi. Mayar da shi raminsa a hankali, yaron ya ciji hankici mai tsabta. In hannunka na rawa, jefa shi cikin madara, ba nono ba, ko yaron ya tofa yawu a kofi a saka shi ciki. Ruwa zalla yana ɓata saiwar.

Ku isa asibiti cikin minti 60. Ba kowane likita ke yawan ganin irin wannan ba, don haka ka tambaya da bakinka: za a ɗauki hoton haƙorin? Za a ɗaure shi da siririyar waya a jikin na kusa, kamar mako 2? Ka kuma ambaci allurar tetanos in ƙasa ta shiga ciwon.