Yadda ake shirya hutu a Korbous, garin ruwan zafi a bakin tekun Tunisiya

Ga mai tasowa daga N'Djamena ko Garwa, sauka a Tunis ake yi, daga nan mota ta kai ka Korbous, tafiyar kimanin kilomita 60. Ruwan zafi ne ke ɓulɓulowa daga dutse, wani idon ma, Aïn Atrous, cikin teku yake zuba kai tsaye.

Ka canza sefa zuwa yuro tun daga gida (yuro 1 sefa 655.957 ne), domin sai ka isa can za ka sayi dinari, kuɗin Tunisiya. Adana rasidin sayen dinarin, da shi ake mayar maka da ragowar kuɗinka zuwa yuro.

Kafin ka kama ɗaki a otel, tambayi ko kuɗin ya haɗa da abincin dare da tausa, da kuma lokacin wanka da aka ware wa mata.

Wajen shiga ruwan ne ake yawan kuskure. Kada ka kusanci bakin idon, yana ƙona fata. A kwarmin wanka mai zafin digiri 38 zuwa 40, minti 10 zuwa 15 ya isa. Zafi na buɗe jijiyoyin jini, shi ya sa mai miƙewa da gaggawa jiri ke ɗibarsa. Fito a hankali, ka sha ruwa, ka huta rabin awa. A cire zoben azurfa, ƙibiritun ruwan na baƙanta shi. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mai juna biyu su fara ganin likita.

Kifi kuwa sau da yawa a kan awo ake sa masa farashi, don haka a auna a gabanka kafin a gasa.