Yadda za ka nemi kuɗin bincike na TETFund ba tare da an dawo maka da fayil ba

Duk inda lakcarori suka zauna shan shayi sai ka ji ana cewa wai kuɗin TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, na 'yan gaban goshi ne, in ba ka da uwa a gindin murhu kar ma ka ɓata takardarka. Toh ni dai sau biyu ana watsar da nawa kafin na samu, kuma duka biyun laifina ne wallahi.

Da farko ka san kuɗin nan ba alfarma ake maka ba. Haraji ne da ake cira daga ribar kamfanoni, tun 1993 aka fara shi bayan yarjejeniyar ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU da gwamnati ta 1992, lokacin ana ce wa asusun ETF, sai dokar 2011 ta mayar da shi TETFund. A da kashi 2 cikin 100 ne na ribar, a 2023 ya kai kashi 3. Jami'o'i na ɗaukar rabi, foliteknik da kwalejojin ilimi su raba sauran rabin. Makarantun gwamnati kawai fa, na tarayya da na jiha, in a jami'ar kuɗi kake koyarwa wannan ƙofar ba taka ba ce.

Ƙofa biyu ce ta bincike. Akwai IBR, wato tallafin bincike na matakin makaranta, ƙaramin, wanda ke bi ta makarantarku, lokacin da na nema iyakarsa naira miliyan 2 ce. Sai NRF, wato asusun bincike na ƙasa, babban, na ƙasa baki ɗaya, shi kam ana iya kaiwa miliyan 50 amma gasa ce da manyan farfesoshi daga ko'ina, ka fara tura gajeren bayani ta shafinsu na intanet, in ya wuce a ce ka kawo cikakken furofozal, wato rubutaccen tsarin binciken da kake son yi, in wannan ma ya wuce a kira ka ka kare shi gaban kwamiti, kuma ba a shiga kai kaɗai sai da tawaga da babban malami a gaba. Shawarata in kai sabo ne ka manta da NRF tukuna, ko ka lallaɓa ka shiga tawagar wani babba ka koyi hannu. Fara da IBR.

Je ofishin jami'in TETFund na makarantarku, kowace makaranta tana da shi, ka karɓi fom da tsarin da ake so na wannan shekarar, ba wanda abokinka ya tura maka a WhatsApp tun shekara uku da ta wuce ba. Nan na fara faɗuwa. Furofozal ɗin zai bi ta shugaban sashe, ya je kwamitin bincike na makaranta, su ne za su tace su tura hedikwatar TETFund a Abuja, kai ba ka da hanyar kai wa da kanka.

Batun taken bincike, ka zaɓi abin da mutum zai iya gani da ido. Ƙwarin da ke cinye wake a rumbu, ruwan rijiyoyin unguwarku, yaran da ke barin makaranta a aji huɗu. Kar ka yanko babi daga tesis ɗinka ka canza masa riga, masu dubawan nan su ma malamai ne, sun san wannan dabarar tun kafin a haife ka.

Amma inda aka fi kashe mutane shi ne bajet. Karo na biyu na sa laftop da firinta da wani dogon alawus na tafiya, abin ya cinye kusan rabin kuɗin, wani dattijo a kwamiti ya zagaye shi da jan biro ya rubuta kalma ɗaya, me ya sa? Gaskiyarsa. Ko wane layi a bajet ya zama akwai aikin da ya haife shi, samfuri nawa za ka gwada, nawa ne gwajin ɗaya a lab, kwana nawa a ƙauye, mataimaka nawa. Ka je kasuwa ka tambayi farashi na yau, ka bar ɗan sarari saboda kafin kuɗin su fito kaya sun tashi, ba kuma wanda zai ƙara maka sisi.

In an amince, kuɗin ba sa zuwa dunƙule, kashi biyu ne, na farko ya fi yawa, ragowar sai ka kai rahoton aiki da shaidar yadda ka kashe na farkon. Don Allah Malam kar ka biya kuɗin makarantar yara da shi da niyyar za ka mayar, ba ka mayarwa. Kuma wanda bai rufe lissafinsa ba ba kansa kaɗai ya cuta ba, yana iya tsayar da na abokan aikinsa na zagaye na gaba, ya zama abin nuni a sashe.

Ni abin da nake yi, ambulan ɗaya babba a cikin jakata, rasit ɗin mai, na sinadari, na fotokwafi, har ɗan acaɓan da ya kai ni gona sai ya sa hannu a takarda, da daddare in ɗauki hotonsu duka a waya don rasit ɗin gidan mai wata biyu ya isa rubutunsa ya goge.