Yadda za ka fara ɗaukar hoto mai kyau a Jos da wayar aljihunka

Mahaifina ya yi shekaru yana sayar da yadi a babbar kasuwar Taminus da ke Jos. Da gobara ta cinye kasuwar a watan Fabrairun 2002 mun yi asarar kaya, daga baya Allah ya mayar da alheri. Abin da bai dawo ba shi ne kamannin wurin. Duk gidanmu babu hoton Baba ko ɗaya a cikin shagonsa, riƙe da almakashi, bandiran shadda a bayansa. Hotunan Sallah kam albam guda ne, kowa ya ƙame a sutudiyo. Wannan rashin ne ya sa na kama ɗaukar hoto don sha'awa, kuma shi ya sa nake so ka fara, ko ki fara, da wayar da ke hannu. Kyamara mai tsada za ta iya jira.

Da farko goge gilashin kyamarar da ƙyalle mai laushi. Ƙurar hunturu da maiƙon yatsa su ne ke sa hotuna da yawa su fito dishi-dishi, mai waya kuma ya yi ta zargin wayarsa. Sannan ka shiga saiti ka kashe abin nan da ke goge fuska yana ƙara wa mutum fari, ka kunna layukan da ke raba allo gida tara.

Mataki na biyu shi ne sanin haske, kuma a nan aikin yake. Rana tsaka ba lokacin hoton mutum ba ne. Hasken yana dukan tsakar ka daga sama, idanu su faɗa cikin inuwa, goshi ya yi ƙyalli, mutum ya yi ta ƙanƙance ido. Fita daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 8, ko daga ƙarfe 5 na yamma zuwa gab da magariba. A waɗannan lokutan hasken yana zuwa a kaikaice, yana da ja-ja, yana fito da kowane tsagu na dutse da kowane zare na hula. Jos tana bisa tudu, sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma kowane yanayi da irin kyautarsa. A Disamba da Janairu hazo yana tace rana har ka iya ɗaukar ta kamar faifai a saman duwatsu, na nesa su yi fari-fari, na kusa su yi duhu, hoto ya yi zurfi. Da damina kuwa, jira ruwa ya ɗauke. Minti kaɗan bayan ɗaukewar ruwa, ciyawa ta yi shar, dutse ya jiƙe ya yi baƙi, hadari yana janyewa, babu abin da ya kai wannan kyau a wurina.

In dole ne ka ɗauki mutum da rana, shigar da shi zaure ko ƙarƙashin rumfa, ya fuskanci ƙofa, kai kuma ka juya wa ƙofar baya. Kada ka sa shi tsakaninka da sararin sama mai haske, domin wayar za ta bi hasken sama ta bar fuskarsa baƙi ƙirin. Taɓa fuskar a kan allo, wayar za ta mayar da hankali can. Alamar rana za ta fito a gefe, ja ta sama ko ƙasa har launin fatar ya zama kamar yadda idonka ke ganinsa. Filashin waya kuma ka bar shi a kashe, sai in babu makawa.

Na uku, matsa kusa da ƙafarka. Jawo abu da yatsu biyu a yawancin wayoyi yanke hoton kawai yake yi ya buɗa shi, sai ya fashe. Kafin ka danna, bi kusurwa huɗu na allon da ido: akwai turken wuta da ya tsiro a kan mutum? Akwai baƙar leda a ƙasa, ko rabin babur? Taku ɗaya zuwa dama ko hagu yakan kawar da su. Ɗora idon mutum a inda layukan nan suka haɗu maimakon tsakiya, ka daidaita sararin sama da layin kwance don kada hoto ya karkace. Yaro kuwa, durƙusa ka zo daidai tsayinsa. Manne gwiwar hannu a jiki, riƙe numfashi, danna a hankali.

Na huɗu, nemi izini, kuma wannan ba abin wasa ba ne a garinmu. Jos ta ga tashin hankali, mutane suna da dalilin zargin baƙon da ya ɗaga waya a kansu. Yi sallama, a gaisa sosai, in kasuwa ce ka sayi wani abu. Ni nakan ce, "Baba, aikin nan naka ya burge ni, ko ka yarda in ɗauki hoto? Zan kawo maka naka." In ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce. In ya yarda, kada ka ɗauka nan take, domin zai ajiye aiki ya gyara hula ya ƙame. Ci gaba da hira har ya manta da kai ya koma kan aikinsa, sannan ka danna, ka nuna masa. Matan aure da 'yan mata sai da yardarsu, yara sai da ta iyayensu. Kada ka ɗauki mabaraci ko almajiri cikin halin ƙunci don a yaba maka a Facebook. Shingen jami'an tsaro da bariki kuma ko kusa kada ka nufa da kyamara.

Ina za a gwada hannu? Kowa yakan fara da dutsen Riyom, da tsaunukan Shere, da magangarar ruwa ta Assop a hanyar Abuja, da tafkin Rayfield wanda haƙar kuza ta bari. Ka je, amma cikin ayari da rana, ka tambayi halin hanya kafin ka fita, kuma ka yi nesa da bakin tsofaffin ramukan kuza, zurfinsu ya wuce yadda ake tsammani. Gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da sashen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya. Jikin ginin ƙasa da hasken la'asar makaranta ce guda ta koyon inuwa. Amma in ka tambaye ni, duwatsu ba inda za su je. Kasuwar Farin Gada da sassafe lokacin da ake sauke kabeji da karas da dankalin Turawa, dukawan Naraguta, mai shayin unguwarku da tururi yana tashi cikin sanyin Disamba, kakarka tana tankaɗe a tsakar gida, waɗannan su ne ba su da tabbacin zama. Zaɓi abu ɗaya ka bi shi wata guda.

Na biyar, tankaɗe. In ka ɗauki 30, zaɓi 3. Gyara a manhaja kamar Snapseed ya tsaya ga daidaita karkata, yanke gefe, da ɗan ƙara haske. Launi in ya yi yawa, tumatir sai ya koma kamar na roba.

Na ƙarshe, adana. Na taɓa rasa hotunan shekara biyu a rana ɗaya da waya ta faɗa ruwa. Kwafe su zuwa kwamfuta ko filas na USB, ka kuma ɗora a Google Photos, ma'ajiyar hotuna ta intanet. In za ka tura ta WhatsApp, tura a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse hoton ta rage masa inganci. Duk ƙarshen wata ka kai biyar mafi kyau sutudiyo a wanke maka su, kowanne kwafi biyu, a girman inci 5 da 7. Juya bayan kowanne ka rubuta sunan mutumin, da wurin, da kwanan wata, da fensir mai laushi don kada tawada ta huda. Ɗaya na albam ɗinka, ɗaya kuma ka kai wa dattijon nan da ka yi wa alkawari.