Darasi na 6: Koya wa yara wanke hannu lokacin annoba

To 'yan aji, iyaye mata da maza, darasin yau na kaiwa gida ne. Yaro ba ya tsoron abin da bai gani ba, ka ce masa akwai ƙwayoyin cuta a hannunsa sai ya juya tafin ya ce Baba ai fes yake. Ku tuna masa da attarugu: in Mama ta jajjaga ta ɗauraye da ruwa kawai, ba a ganin komai a hannun, amma ta kuskura ta sosa ido za ta sani. Haka ƙwayar cuta take, tana nan maƙale, hanyarta ta shiga jiki kuwa ido ne da hanci da baki.

Ku gwada wannan a tsakar gida. A kwaɓa garin gawayi da ɗan man gyaɗa a shafa wa yaro ɗaya a hannu, ya gaisa da ƙaninsa, ƙanin ya ɗauki buta, wani ya karɓa ya taɓa marfin randa, kafin a ankara baƙi ya bi kowa har a kumatu. Sai a ce su wanke da ruwa zalla su ga bai fita ba, sannan a ba su sabulu. Sabulu shi ke narka maiƙon da ƙwayar ke manne da shi, korona ma fatarta ta maiƙo ce, shi ya sa sabulu ke fasa ta.

Wankin kuma ba na jiƙa yatsu a gudu ba ne, sakan 20 ake so, su ƙirga ɗaya zuwa ashirin a hankali suna cuɗa tafi, baya, tsakanin yatsu, babban yatsa da ƙarƙashin farce. Na san sanyin Jos, da hunturu ruwan randa kamar ya yanke yatsa, yaran Gangare da Unguwar Rogo da asuba ko kusa da buta ba sa son zuwa, to don Allah a ɗan sirka musu da ruwan ɗumi. Abin da ya fi damuna shi ne kwanon wanke hannu ɗaya da kowa ke tsomawa kafin tuwo, na ƙarshe wallahi da dattin kowa ya wanke. A zuba da buta, ruwan ya gangara ƙasa. In babu sabulu toka ta fi babu, sanitaiza kuma sai mai sinadarin alkahol kashi 60 ko fiye.

Lokutan ba su da yawa: bayan bayi, kafin cin abinci, bayan tari ko atishawa, da dawowa daga boko ko Islamiyya. Tari a yi shi a lanƙwasar gwiwar hannu.

Kar a ce ai korona ta wuce. Ta shigo Najeriya 27 ga Fabrairu 2020, a watan Maris aka rufe makarantu, amma kwalara tana dawowa da damina, zazzabin Lassa kuma da ya taɓa ɓarkewa a nan Jos a 1970 har yanzu ɓera na yaɗa shi ta fitsari da kashi, saboda haka yara su saba rufe abinci. Yaron da ke zazzabi ko gudawa kar a tura shi makaranta, a kai shi asibiti.

Aikin gida: ku yi gwajin gawayin nan da yaranku, sannan ku rubuta lokutan wanke hannu guda huɗu a takarda da hannunku, ku manna kusa da inda kuke ajiye buta. Sati mai zuwa kowa zai karanta mana nasa.