Yadda za ka saurari kiɗan wals tare da tarihinsa

Wanda ya taɓa ganin ango da amarya sun buɗe fili a zauren biki a Garwa ko Injamena, suna juyawa sannu a hankali, to ya riga ya haɗu da wals, wanda Faransawa ke rubutawa valse. Sai dai mai son fahimtarsa dole ya fara da ƙirga, domin bugu uku ne ke zagayowa. Ka bugi cinya da ƙarfi sau ɗaya, sannan ka tafa sau biyu a hankali, har hannu ya saba. Makaɗan Biyana, babban birnin Ostiriya, sukan gaggauta bugu na biyu kaɗan, don haka kada ka ɗauka kuskure ne.

Daga nan ka nemi kiɗan da Johann Strauss ƙarami ya sa wa sunan kogin Danub, amma ka dage sai ka samu wanda muryoyin maza ke rerawa, domin yawancin abin da ke yawo a wayoyi kayan kiɗa ne zalla. Asali an tsara shi ne domin ƙungiyar mawaƙa maza ta Biyana, wadda aka kafa a 1843, lokacin da gwamnatin Metternich, babban ministan Ostiriya na wancan zamani, ke kallon irin wannan taro da idon zargi, don tana ganin waƙa na iya zama mayafin siyasa. Ƙungiyar ta rera shi ranar 15 ga Fabrairu 1867, wata bakwai bayan Purushiya, wata masarautar Jamusawa, ta murƙushe sojojin Ostiriya a yaƙin Königgrätz. Baitocin farko da Josef Weyl, marubucin waƙoƙin ƙungiyar, ya rubuta zolaya ce ga mutanen gari masu zaman takaici, ana ce musu su tashi su yi rawa duk da aljihu ya bushe. A ganina, wanda bai san wannan ba ya ji rabin kiɗan ne kawai.

Ka lura kuma da baitocin da ake rerawa, domin masu yabon kogin ba na Weyl ba ne, na wani marubuci ne mai suna Franz von Gernerth, kuma sai a 1889 aka rubuta su.

Siyasar ta shiga har gidan su Strauss: a boren da aka yi wa gwamnati a 1848 ɗan ya goyi bayan masu bore, uban kuwa, Johann Strauss babba, ya tsara kiɗan fareti don girmama Radetzky, kwamandan sojojin sarki.

Idan za ka kunna wa ɗalibai, ka aro lasifika, domin muryar waya takan haɗiye bugun farko mai kauri, wanda shi ne ƙafa ke bi.